ƁERAN KOGO DA ƊAN'UWANSA NA TURAI

Darasi domin Hakimai da Malamansu a ƙasar Makarfi, da Ikara, da Kudan

Kowace shekara, da zarar an gama girbi an kai amfanin gona gida, kukan da talakawa su ke kai wa dagatai da hakimai ba ya wuce na ɓera. Mai dawa ya ce an huda masa rumbu, mai gyaɗa ya ce an tone masa ita tun tana ƙasa, mai masara ya ce an yage masa buhuna. Daga nan sai kowa ya nufi kasuwa ya sayo guba, a barbaɗa a tsakar gida, da bayan danga, da gindin itatuwa. Duk abin da aka wayi gari aka tsinta matacce sai a ce ɓera ne, an huta da mugu. To, amma kama da wane ba ta wane. A cikin ƙananan dabbobin da a ke tarawa a kira su ɓera akwai wani wanda ba shi ne mai cinye rumbu ba, ko dangin ɓeran ma ba shi ne ba. An shirya wannan darasi domin hakimi da malaminsa su san shi, su iya rarrabe shi da ɓera mai ɓarna, su kuma san abin da za su faɗa wa jama'a a kansa.

Kamanninsa

A cikin wannan takarda za a kira shi ɓeran kogo, domin kogon itace shi ne gidansa na asali. Turawan Ingila suna ce wa irinsa domaus, masana kuwa sun sa wa na Afirka suna Graphiurus da Latin. Mai gona a Nasarawan Doya, ko Gazara, ko Mayere, in ya sare tsohuwar ɗorawa ko kaɗanya mai kogo, ko kuwa ya sauke tsohuwar jinka zai yi sabuwa, ya ga wani ɗan abu toka-toka ya yi tsalle ya kama reshe, wutsiyarsa buzu-buzu kamar ta kurege, to, shi ke nan ya gan shi.

Irin da ke zaune a ƙasashen ciyawa da itatuwa jefi-jefi, tun daga Senegal, ya ratsa Nijeriya ta Arewa da Nijar, har ya kai gabashin Afirka, ƙarami ne ƙwarai. Tsawon jikinsa ban da wutsiya inci 3 ne ko da ɗan ɗori, wutsiyar ba ta kai jikin tsawo ba, nauyinsa kuma kamar rabin ƙwan kaza. Bayansa toka-toka ne, cikinsa fari-fari, idanunsa manya, baƙaƙe, da wani duhu kewaye da su sai ka ce ya sa kwalli. A tafin ƙafafunsa akwai 'yan tudun nama masu kama abu, shi ya sa ya ke hawa itace ko bango a guje, har ya bi ƙarƙashin reshe kansa a ƙasa ba ya faɗuwa.

Wutsiya ita ce babbar shaida. Ta ɓeran gida tsirara ta ke, da 'yan zobba kamar saɓar maciji. Ta ɓeran kogo kuwa gashi ya rufe ta tun daga gindi har ƙarshe. Wanda ya sami ƙoƙon kansa a cikin aman mujiya yana iya ƙara tabbatarwa da haƙora: ɓeran gida haƙoransa 16 ne, matauna uku-uku a kowane gefe, na kogo kuwa 20, matauna huɗu-huɗu. Masana da suka bi asalin waɗannan dabbobi sun tarar ɓeran kogo ya fi kusa da kurege bisa ga ɓera. Irinsu a duniya duka wajen 30 ne, kusan rabinsu a Afirka su ke, kudu da Sahara. D. R. Rosevear, wanda ya shugabanci aikin daji a Nijeriya, ya yi bayaninsu a cikin littafinsa na ɓerayen Afirka ta Yamma wanda aka buga a 1969.

Akwai wata dabara da Allah ya ba shi a wutsiyar nan. In kyanwa ko yaro ya cafke ta, sai fatar ta saɓule ta rage a hannun mai kamun, shi kuwa ya tsere. Ƙashin da ya rage tsirara ya kan bushe ya faɗi, wurin ya warke, gashi ya sake tsirowa a kan guntun. Amma ba kamar ta ƙadangare ba ce da ke komawa yadda ta ke. Abin da ya tafi ya tafi. Saboda haka in an ga mai guntuwar wutsiya da tuntun gashi a ƙarshe, ba wani iri ne dabam ba, wanda ya taɓa tsallake rijiya da baya ne.

Abincinsa

Wannan shi ne wurin da ya kamata a lura ƙwarai, gama a kansa hukuncin ya ke. Zomo, da kurege, da ɓera, duk suna da wani aljihu a mahaɗar ƙaramin hanji da babba, inda ganye da dusa da sauran abinci mai kaushi ke jiƙa su narke. Ɓeran kogo da danginsa duka ba su da wannan aljihu. Don haka ba ya iya rayuwa a kan ganye da abu mai ɓawo kaɗai, tilas ya nemi abinci mai sauƙin narkewa mai kuma ƙarfi: fara, da gyare, da buzuzu, da tsutsa, da shinge, da sauran ƙwari, sa'an nan 'ya'yan itatuwa nunannu da ƙwaya mai mai. Da dare ya ke fita, ya bi rassa yana farauta, gari na wayewa ya koma kogo.

Ba a ce ba shi da laifi ko kaɗan ba. In ya sami sheƙar ƙaramin tsuntsu ya kan sha ƙwai, wani lokaci ya ci 'ya'yan, har ya gaje sheƙar ya mai da ita ɗakinsa. Ya kan shiga amya, ya kan gaigayi 'ya'yan itace a lambu, in ya tarar da hatsi a buɗe kuma ba zai ƙi taɓawa ba. Wanda ya tare masa a jinka ya san ba ya barin mutum barci da guje-guje da tsuwa. Amma in an ɗora wannan a ma'auni, aka ɗora ƙwarin da ya ke cinyewa a ɗaya gefen, ba a samun abin da ya kai a yi masa gayya.

Lissafin haihuwa

Mai cinye rumbu na gaskiya shi ne ɓera mai nonuwa da yawa, wanda masana ke kira Mastomys. Yana zaune a gona, da kaka kuma ya biyo hatsi gida. Macen tana da nonuwa har 24, cikinta kwana 23 ne ko kusa da haka, ta kan haifi 10 ko 12 a ciki guda, wani lokaci fiye, tana haihuwa kuma tana iya ɗaukar wani cikin nan take. 'Ya'yan da sun kai wajen wata uku su ma sun isa haihuwa. Malami ya ɗauki alƙalami ya lissafa: mace guda ta yi ciki uku tsakanin damina da kaka, goma-goma, 30 ke nan, in rabin haihuwar farko mata ne, su biyar, kowace ta haifi goma, an sami ƙarin 50. Daga uwa ɗaya an doshi ɗari tun ba a gama sussuka ba.

Macen ɓeran kogo nonuwanta 8 ne, ta kan haifi biyu zuwa huɗu galibi, 'ya'yan kuma a makance su ke zuwa, tsirara, su daɗe a sheƙa. Ma'anar wannan a fili ta ke. In an zuba guba a gari ta kashe rabin ɓerayen rumbu, kafin shekara ta kewayo sun cike gurbi. In ta kashe rabin ɓerayen kogo, sai a yi shekaru ba su farfaɗo ba. Guba ba ta tambayar suna, amma asarar ba ɗaya ba ce.

Ɗan'uwansa na Turai, da dogon barcinsa

A cikin danginsa duka, wanda aka fi yin bincike a kansa har da wani na Turai da a ke kira domaus na lambu, Eliomys quercinus da Latin. Ya fi na nan girma, jikinsa inci 4 zuwa 6, nauyinsa kamar giram 60 zuwa 120. Bayansa ja-ja ne, cikinsa fari fat, da wani baƙin zane ya taso daga ido ya wuce ƙarƙashin kunne kamar ya yi amawali, ƙarshen wutsiyarsa da tuntu baƙi da fari. Yana zaune a gonakin inabi, da lambunan 'ya'yan itace, da dazuzzuka masu duwatsu. Shi ma mafi yawan abincinsa ƙwari ne, da ƙadandoniya, da dodon koɗi, sa'an nan 'ya'yan itace. Macen ta kan haifi huɗu zuwa shida, sau ɗaya a shekara a ƙasashen sanyi, sau biyu a inda ke da ɗumi. Yana da 'yan'uwa na kusa a Maroko, da Aljeriya, da Tunisiya, da Libiya, da Masar.

Abin mamaki a sha'aninsa shi ne barci. A Turai daga watan Oktoba sanyi ya kan sauka, ƙwari su ɓace, itatuwa su zubar da ganye, ƙanƙara ta rufe ƙasa. Dabbar da ba ta iya cin ganye da ɓawon itace, ba ta kuma tara abinci a rami, ina za ta? Sai ya ci ya ci tun da sauran ɗumi, ya tara kitse har ya yi ɓul-ɓul, sa'an nan ya nemi tsaguwar dutse, ko rami, ko kogo, ya dunƙule ya naɗe wutsiya a kan fuskarsa. Zafin jikinsa, wanda a farke ya ke kusa da na mutum, watau wajen digiri 37 a ma'aunin likita, sai ya yi ta sauka har ya koma ƙasa da digiri 5. Zuciyar da ke bugawa sau ɗaruruwa a minti guda ta koma bugun da za a ƙidaya da yatsu. Numfashi ya kan tsaya na ɗan lokaci sa'an nan ya dawo. Wanda ya ɗauke shi a hannu zai ji shi sanyi ƙalau, ya rantse matacce ne.

Ba a miƙe ya ke yin barcin ba. Bayan kwanaki, wani lokaci mako ɗaya ko biyu, jikin ya kan ɗumama da kansa na 'yan sa'o'i, sa'an nan ya sake sanyaya. Wannan ɗumamar ita ke cin mafi yawan kitsen da ya tara, don haka wanda aka yi ta tayarwa ba gaira ba dalili yana iya ƙarar da guzurinsa tun sanyi bai wuce ba, ya mutu da yunwa a makwancinsa. In ya tsira, sai wajen Afrilu ya fito a rame, ya shekara rabi ke nan ba ci ba sha.

Mutumin fadama ba zai yi wa wannan labari gardama ba, gama ya san gaiwa. Ruwa na janyewa ta kan nutse a taɓo ta lulluɓe kanta, ta kwana a nan rani duka har ruwan sama ya sauko. Hikimar ɗaya ce: in abinci ya yanke, a rage wutar jiki a jira. Gaiwa fari ke kwantar da ita, na Turai sanyi. Ɓeran kogo na Afirka ba ya yin dogon barcin wata shida a ƙasa mai zafi, amma a Afirka ta Kudu an gwada irinsa an ga in sanyi ya yi yawa ko abinci ya yi ƙaranci shi ma ya kan sanyaya jikinsa ya yi likimo, na sa'o'i ko na kwanaki. Saboda haka wanda aka tarar a dunƙule cikin jinka da sanyin safiya a tsakiyar hunturu ba lalle ne matacce ba.

Yadda ya ɓace ba a farga ba

A cikin shekara talatin da 'yan kai, domaus na lambu ya ɓace daga wajen rabin ƙasar da ya ke zaune a Turai. A waɗansu ƙasashen gabas ya ƙare ƙaf, sai a Faransa, da Sipaniya, da yammacin Jamus ya ke da sauran yawa. Abin lura shi ne an daɗe ba wanda ya farga. Dabba ce ta dare, ƙarama, ba a cin ta, ba a sayar da ita, ba wanda ke rubuta inda ya gan ta. Ranar da aka tashi nema, sai aka tarar wurare da yawa an yi shekaru rabon da a gan ta.

A 2018 aka fara wani babban bincike a Jamus, wanda Jami'ar Giessen, da cibiyar Senckenberg, da wata ƙungiyar kare halittu mai suna BUND suka haɗu a kai, aka yi shekara shida ana yi. Ba masana kaɗai suka yi aikin ba. Mutanen gari aka roƙa, kowa ya faɗi inda ya ga dabbar da ranar da ya gan ta, aka tara rahoto dubbai. Abin da ya fito shi ne ba dalili guda ba ne: ƙwarin da ya ke ci sun ragu, an share dazuzzuka da shingayen da ya ke fakewa, an sami maganin feshi a hantar waɗanda suka mutu, gubar ɓera kuma tana kashe shi. Hakimi ya dubi waɗannan dalilai ya dubi ƙasarsa. Feshi ya yawaita a gonakin tumatir da masara da wake, tsofaffin itatuwa suna tafiya itacen wuta da gawayi, jinka tana ba kwano wuri, guba kuwa ana sayar da ita a tire a kowace kasuwa.

Kada a kama shi, kada a ci

Cewa a bar shi ba cewa a yi wasa da shi ba ne. A watan Afrilu na 2003 wani ɗan kasuwa ya kai ƙananan dabbobin daji wajen 800 daga Gana zuwa jihar Tekzas ta Amurka don a sayar wa masu kiwon sha'awa, a cikinsu da gafiya da ɓerayen kogo da yawa. Waɗansunsu na ɗauke da ƙwayar cutar ƙyandar biri. Aka ajiye su kusa da wani irin kuregen Amurka, kuregun suka ɗauka, suka shafa wa mutanen da suka saye su. Mutum 47 aka lissafa a jihohi shida. Ba wanda ya mutu, amma a watan Yuni na shekarar gwamnatin Amurka ta hana shigo da ɓerayen Afirka. Wannan cuta ta sake ɓulla a Nijeriya a 2017, daga jihar Bayelsa.

Ɓeran rumbu kuwa nasa ya fi muni, domin shi ne babban mai ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno. Ta fitsarinsa da kashinsa cutar ke shiga abinci, ta fi kuma tashi da rani, daga Disamba zuwa Afrilu. Don haka umurnin ɗaya ne a kan duka biyun: kada yara su kama da hannu, kada a babbake a ci, mushe kuma a ɗauke shi da shebur a binne da zurfi inda kare da kaza ba za su tono ba. Wanda ya yi zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro a kai shi asibiti ba da jinkiri ba.

Abin da ke hannun hakimi

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Rumbun da ke zaune a ƙasa, da ciyawa kewaye da shi, da reshe ya sunkuyo a kan hularsa, shi ya kira ɓarawo. A ɗaga shi a kan duwatsu ko ƙafafu, a sa wa ƙafafun kwano mai santsi, a liƙe tsaguwa da sabon yaɓe, a share kewayensa, a jera buhuna a kan katako nesa da bango, a daina shanya abinci a gefen hanya ya kwana. Tarko ya fi guba, domin mai tarko yana ganin abin da ya kama. In guba ta zama tilas, a nemi shawarar malamin gona tukuna, a sa ta cikin ɗakin ajiya a wurin da yaro da kaza ba sa kaiwa, ba a gindin itace ko bakin rijiya ba.

Sa'an nan a yi wa jama'a magana a kan mujiya. An san yadda a ke ƙyamarta, har a jefe ta in ta sauka a kan soro, alhali ita kaɗai ta kan kama ɓera biyu ko uku a dare guda, ba lada ba la'ada. Ɓeran da ya ci guba ya kan yi ta layi a fili kafin ya mutu, mujiya ko shirwa ko kyanwa ta ɗauka ta ci, ita ma ta bi shi. Garin da ya yi haka shekara biyu ko uku ya kashe masu gadinsa, ɓerayen kuma su dawo fiye da da.

Tsofaffin itatuwa masu kogo, ɗorawa ce, ko kaɗanya, ko tsamiya, ko kuka, dagatai da sarakunan noma su hana a sare su barkatai, su kuma tsawata wa masu cinna wa daji wuta don farautar gafiya. Itace ya kan yi shekaru masu yawa kafin ya yi kogo, kogo guda kuwa zuma na shiga, tsuntsu na shiga, ɓeran kogo na shiga. Wanda dabbar ta dama a ɗaki ya toshe ƙofar da ta ke bi da dare, sa'ad da ta fita kiwo, bayan ya tabbata ba 'ya'ya a ciki.

Malamin hakimi kuma ya ware shafi a littafinsa. Duk sa'ad da aka kawo labarin an ga ɓera mai wutsiyar kurege, ya rubuta ranar, da sunan ƙauyen, da inda aka gan shi, ko a kogon wane itace, ko a jinka, ko a amya. Ko shi kaɗai ne ko da 'ya'ya, 'ya'yan kuma nawa. Ko a farke ko a dunƙule. Ya tambayi dattawa, da maharba, da masu ɗaura amya sunan da su ke kiransa da shi a wurinsu, da ko yawansa yanzu ya kai na zamanin ƙuruciyarsu, ya rubuta amsar yadda aka faɗe ta ba ƙari. Littafin ya zauna a ofishin hakimi, domin in malamin gona na ƙaramar hukuma, ko masu bincike daga Samaru, suka zo tambaya, a buɗe musu shafin.